Na biya kuɗin shago a Fagge tun wurin yana kango

Shekara 14 na yi ina wuce wannan kango safe da yamma, tun ina yaron shago a wurin maigidana a Kantin Kwari. Tsohon sito ne na zamanin cinikin gyaɗa, a wani layi a Fagge, tafiyar minti biyar daga bakin kasuwa. Dattawan layin sun ce wani Kwara, wato ɗan Lebanon, ne ya gina shi, da zai bar ƙasar ya sayar wa wani attajiri Bakano. Attajirin ya rasu ya bar 'ya'ya sama da 20 daga ɗaki huɗu, shi ke nan gado ya ƙi rabuwa. Iska ta yaye kwanon, ceɗiya ta tsiro a jikin bango har ta tsaga shi, bayansa ya zama juji, cikinsa kuma ya zama matattarar 'yan shaye-shaye. Da an yi sallar magariba mace ba ta bin layin ita kaɗai.

Yau a wannan wuri nake buɗe shago kullum da ƙarfe tara. Bene ne hawa biyu mai shaguna 48, nawa yana ƙasa, na huɗu daga ƙofa, ina sayar da kayan ɗinki: zare, zif, maɓalli, allura, shafi da man keke. Mutumin da ya gina mana ya fara tallan wani sabon aikin, kuma mutane sun dame ni da tambaya ko su zuba kuɗinsu. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani gaba ɗaya. Ba zan kama sunansa ko na kamfaninsa ba, domin har yanzu akwai maganar da ba mu gama ba tsakaninmu, kuma ba tozarta shi na zo yi ba. Injiniya muke ce masa, haka zan kira shi a nan.

Abin da ya fara sa na saurare shi wata 'yar magana ce. Dillalin da ya kai ni ofishinsa tun a hanya yake rantse mini cewa in na biya, shago ya zama nawa halak malak, 'ya'yana su gada. Muna zama Injiniya ya katse shi. Ya ce, "Malam, kada a rufe ka. Filin nan na magada ne, ba su sayar mini ba. Na gina da kuɗina da naku, in riƙe shekara 20, sannan in mayar musu da ginin. Abin da za ka saya zaman shekara 20 ne, bayan nan kai da su." Dillalin ya ɓata rai, ni kuwa raina ya yi sanyi. Mutane da yawa a garin nan suna zaune a irin waɗannan filazoji suna ganin sun mallaka, alhali haya ce mai tsawo suka biya a dunƙule, kuma ba wanda ya taɓa faɗa musu.

A watan Oktoban 2022 ne, bai fi wata biyu ba da maigidana ya sallame ni da jari. Naira miliyan 6 aka yanka wa shagon ƙasa, a biya rabi, sauran kuma sau uku kafin a ba da mukulli cikin wata takwas. Da na kai wa maigidana maganar sai ya ajiye alƙalaminsa ya dube ni. Ya ce, "Kai yaro, cinikin biri a sama za ka yi da gumin shekara 14?" Na ce, "Alhaji, in na jira a gama, kuɗina ba za su kai ba." Ya yi shiru, sannan ya ce ba zai hana ni ba, amma sai an yi abu biyu: lauyansa ya ga takardu, tsohon birkilansa kuma ya ga aiki.

Tsoron Alhaji yana da tushe. A ƙarshen watan Agustan shekarar ne wani bene mai hawa uku da ake kan ginawa ya rufta a titin Beirut, cikin kasuwar waya, har aka yi asarar rai. Duk wanda ya je ya ga yadda dekin ya kwanta a kan dekin, ba zai ƙara kallon sabon bene da ido ɗaya ba. A daminar nan kuma ruwa ya shiga Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na maƙudan kuɗi, 'yan kasuwa suka ɗora laifin a kan gine-ginen da aka dasa bisa magudanan ruwa. To wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya.

Ranar da na kai Baba birkila wurin ba zan manta da ita ba. Dattijo ne mai furfura, hannunsa kamar ƙahon sa don tauri. Bai tambayi kowa komai ba. Ya nufi inda aka jera bulo, ya zaro ɗaya daga tsakiya, ya ɗaga shi daidai ƙirjinsa ya sake. Bulon ya faɗi ya yi ƙara, gefensa kaɗai ya ɗan ɓare. Ya ɗauki ɓaren ya murza a tafinsa, bai zama gari ba. Ya tsuguna bakin ramin ginshiƙi ya ƙirga rodi da yatsa, ya gwada kaurinsu, ya ce mai lamba 16 ne, ba a sirka da ƙarami ba. Ya ɗebi yashi ya sheƙa ya ga ko akwai laka. Sai da muka fito titi ya ce, "Ɗana, mai wannan aiki yana tsoron Allah a kan siminti. Buhu ɗaya in aka buga masa bulo 50, da ƙafa za ka rushe shi. Wannan bai wuce talatin da 'yan kai ba." Bayan an zuba dekin na farko na riƙa leƙawa da kaina. Kullum da asuba akwai yaro da tiyo yana ba shi ruwa, kuma ba a cire katakon da ya tokare shi ba sai da ya cika kwana 21, duk da masu shagunan sama suna ta matsa lamba a yi sauri. Damina biyu ke nan muna ciki, ban ga tsaga ko ta gashi a bango ba, rufin bai ɗiga ba. A kan ingancin gini ba ni da abin cewa sai sambarka.

Lauya kuwa mako biyu ya yi. Ya ga takardar mallakar filin da sunan mamacin, ya ga takardar kotu da ta tabbatar da magada, ya ga yarjejeniyar da kowannensu ya sa hannu, har matan da ke aure a Zariya da Katsina. Ya je ofishin ƙasa ya bincika ko an taɓa jinginar da filin a banki, ya ga zanen ginin da hatimin hukumar tsara birane, KNUPDA. Shi ne ya fahimtar da ni cewa tun dokar ƙasa ta 1978, duk filin da ke cikin birni yana hannun gwamna ne a matsayin amana, takardar da ke hannun mutum izinin zama ce. Na ji maganar a lokacin kamar karatun lauyoyi ne kawai. Ban san za ta zo ta tsaya mana a ƙofa ba.

A farkon watan Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, aka fara rusau. An fara da benen shaguna na Filin Sukuwa, aka bi da sababbin gine-ginen da ke harabar tsohon otal ɗin Daula, da na Sansanin Alhazai, da shagunan Filin Idi na Ƙofar Mata. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne gwamnatin Ganduje ta yanka wa mutane ba bisa ƙa'ida ba. Waɗanda abin ya shafa suka ce da takardun gwamnati suka gina. Daga baya Babbar Kotun Tarayya ta yanke wa 'yan Filin Idi diyyar naira biliyan 30, aka zo aka sasanta a kan biliyan 3. Ba siyasa na zo yi ba, kowa da inda ya tsaya a wannan magana. Abin da na sani shi ne na san mutanen da suka kwana da shago suka tashi da ɓaraguzai, wasunsu ba su san ma wa ya fara yanka filin ba, daga hannu na uku suka saya.

A makonnin nan barci ya ƙaurace mana. Duk asuba sai na hau babur na je na duba ko an shafa wa bangonmu jan fenti. Masu shaguna suka buɗe zaure a WhatsApp, jita-jita ta yi yawa, wasu suka ce a je a tare Injiniya a gidansa. Shi kuwa bai ɓuya ba, bai kashe waya ba. Ya kira mu bayan la'asar, aka shimfiɗa tabarmi a ƙasan dekin, ya zo da fayil ya buɗe, ya raba wa kowa kwafin takardu. Ya ce, "Wannan fili bai taɓa zama na makaranta ko masallaci ko maƙabarta ba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, ya rubuta sunansa, zan mayar masa da kuɗinsa kaɗan-kaɗan." Mutum bakwai suka rubuta. Na san uku daga ciki, kuma dukkansu sun karɓi kuɗinsu cif, ko da yake na ƙarshe sai da ya yi wata tara yana jira. Katafila ba ta zo layinmu ba.

A nan nake so in ɗan tsaya, domin abin yana ci mini rai. Kano cike take da kangaye. Ka zaga Sharaɗa da Challawa da Bompai ka ga masana'antun da suka mutu, ciyawa ta cinye harabarsu. Ka shiga Fagge da Sabon Gari ka ga tsofaffin kantuna da gidajen da rigimar gado ta kulle shekara da shekaru. Amma da wuya ka ga mai kuɗi ya nufi can. Ya fi masa sauƙi ya nemi a yanka masa katangar makaranta, ko gefen badala, ko kududdufin da ke shanye ruwan unguwa, domin a can sa hannu ɗaya ake nema. Kango irin namu kuwa sai ka zauna da magada 20, ka sasanta 'yan uba da ba sa ga maciji, ka bi kotu, ka jira. Injiniya ya ce shekara biyu ya yi yana wannan zirga-zirga kafin ya sa diga. Wannan ne ya sa in Bakano ya ji an ce "za a raya wuri", abin da ke fara zuwa masa shi ne za a cinye wuri. Mutumin nan ya bi hanya mai wuya, kuma na yaba masa a kan haka har gobe. Shi ya sa ma abubuwan da zan faɗa yanzu suka fi yi mini ciwo.

Wata takwas aka yi mana alkawari, wata 19 muka yi. Na yarda rusau ya tsayar da aiki, na yarda cire tallafin mai ya tayar da kuɗin tifa da na lebura, kuma kowa ya ga yadda simintin da muke saye ƙasa da naira 5,000 ya haura 10,000 a farkon 2024. Da ya zo ya ce kowane shagon ƙasa ya ƙara miliyan ɗaya da rabi, an yi ta ja har aka tsaya a 900,000, na biya ban ji an zalunce ni ba, duk da babu wannan sharaɗi a yarjejeniyarmu. Abin da ban yafe ba shi ne wanda ya fito daga baya: ashe ana cikin aikinmu ya kama wani kangon daban. Ana cikin taro wani dattijo mai shago a sama ya tambaye shi gaba da gaba, "Injiniya, tsakaninka da Allah, da kuɗin wa ka kama kangon nan na biyu?" Ya sunkuyar da kai, ya ce ya taɓa wani abu daga namu da niyyar mayarwa. Wata huɗu cur babu birkila ko ɗaya a wurinmu saboda wannan. Ni a sana'ata, azumi ne kakarmu, telan da bai sayi zare a Sha'aban da Ramadan ba, ba zai saya ba sai wata shekara. Azumin 2024 a kan tebur na yi shi a bakin shagon wani, rana tana cin kayana, mukulli bai zo hannuna ba sai bayan Ƙaramar Sallah. Ya ba da haƙuri, amma bai rage wa kowa ko kwabo ba.

Sai maganar zane. Wanda aka nuna mana a ofis yana da faffaɗar hanya a tsakiya wadda mai kura zai shiga da kaya ya juya, da banɗaki shida, da ɗan masallaci, da wurin ajiye babura a gaba. Da aka kusa gamawa sai muka ga ana kafa ƙananan kes, wato 'yan shaguna, a tsakiyar hanyar, guda takwas. Ƙarƙashin matakala ma aka sa masa ƙofa ya zama shago. Yanzu in ɗan dako ya ɗauko dila, sai wanda ke tahowa ya manne da bango. Ina tuna gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016, in dubi wannan 'yar hanya, in dubi matakala ɗaya tilo da masu shaguna 24 na sama za su bi, sai gabana ya faɗi. Banɗaki shida suka koma biyu, kuma babu na mata. Rabin masu sayen kayana mata ne masu ɗinki a gida, daga Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi suke zuwa. Wata Hajiya da ta daɗe tana sayayya a wurina ta taɓa raɗa mini cewa tana son kama ruwa. Na rasa inda zan nuna mata, sai gidan maƙwabta na aika yaro ya roƙa mata. Na ji kunya ƙwarai. Shago takwas da aka ƙara ba su kai wannan ba.

Akwai kuma haƙƙin waɗanda ba su biya ko sisi ba, wato mutanen layin. Injiniya ya ɗaga daɓen ginin da matakala uku, ya yi kwata mai kyau a ciki, ruwa bai taɓa shigar mana shago ba. Amma duk ruwan rufin a bututu biyu ya tara shi ya sako shi cikin lungun baya, inda lambatun bai fi taku ɗaya ba. A da, filin kangon ne ke shanye wannan ruwa. A watan Agustan bara bayan wani ruwan dare, wata tsohuwa da gidanta ke manne da mu ta kama hannuna ta kai ni ɗakinta. Ta jingine katifa a bango tana ɗiga, buhun masararta ya jiƙe, alamar ruwa ta kai ƙwauri a jikin bangon ƙasa. Ta ce, "Ɗan nan, shekarata 40 a gidan nan. Da kangon yana nan, 'yan iska ne suka dame mu, amma ruwa bai taɓa shigo mini ɗaki ba." Na ce, "Iya, ki yi haƙuri, za mu kai maganar." Mun kai, mai unguwa ma ya sa baki. An zo an yashe lambatun an ɗan faɗaɗa shi, amma gyaran gaske, wato a haɗa bututun da babbar kwatar titi, har yau alkawari ne. Mai shayin da ya shekara 20 a jikin bangon kangon, da masu facin taya biyu, an ce musu za a ba su gurbi in an gama. Gurbin ne aka yi kes da shi aka sayar.

Kada in rage masa abin da ya yi daidai a zaman yau da kullum. Akwai rijiyar burtsatse da tanki, ruwa ba ya yankewa, har an fitar da famfo ɗaya waje 'yan layi suna ɗiba kyauta. Fitilun sola na farfajiya suna kamawa da kansu, sun haska layin har bakin titi. Kowane shago da mitarsa, babu rigimar kuɗin wuta. Masu gadi biyu ne, ba a taɓa fasa wa kowa ba. Yaran da ke kwana a kangon sun watse, 'yan mata suna dawowa daga Islamiyya ta layin bayan isha'i. Mai abinci ta buɗe, mai POS ya zo, 'yan Adaidaita Sahu sun san wurin da suna. Kuɗin hidima da muke biya duk shekara bai yi yawa ba, sai dai ba a taɓa kawo mana lissafin yadda aka kashe shi ba, kuma mun nema sau biyu.

Ƙanena ne na ƙarshe da ya tambaye ni, shi yana gyaran keken ɗinki, yana son shago a sabon aikin. Na ce masa in dai don tsoron gini ya rufta ne ko katafila ta zo, ya kwantar da hankalinsa, mutumin nan ba ya wasa da rodi, ba ya wasa da takarda, kuma in rana ta ɓaci ba ya gudu. Amma kada ya biya fiye da rabi sai ya ga an zuba dekin na ƙarshe. Ya sa lauya ya rubuta ranar ba da mukulli da abin da za a rage masa duk watan da aka ƙara. Ya sa a manna zanen da ke da hatimi a jikin yarjejeniyar, a rubuta faɗin hanya da yawan banɗaki da lamba, a ware na mata, a ce ba za a ƙara shago ko ɗaya ba sai da yardar waɗanda suka riga suka biya. Kuma tun kafin ya biya ya zaga bayan filin ya ga inda ruwa zai bi, ya gaisa da mutanen da ke zaune a can.

Mu kuma namu bai ƙare ba. Masu shaguna 31 mun sa hannu a takarda muna neman abu uku: a cire kes biyu na bakin matakala, a mayar da shagon ƙarƙashinta banɗakin mata, a haɗa bututun nan kafin ruwan farko. Injiniya ya karɓa da hannunsa, ya ce mu haɗu ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Na gaya wa Iya, ta ce za ta aiko jikanta ya zauna a madadinta.